Sawu a Bayan Katangar Alhaji Lawwali

Mutanen Tungar Magarya, wadda ke tsakanin Turba da Isa, ba su taɓa haɗa baki a kan Sodangi ba. Mahauta na cewa in ya dubi sawun saniya zai gaya maka ko tana da ciki. Mata a bakin rijiya na cewa aljanu ne suka wanke masa ido tun yana kiwon awaki. Liman ya ce babu wani aljani, haƙuri ne kawai. Matar Sodangi, Inno, kuwa cewa take yi, "Ku bar shi. Mutumin da ka gane sawun ɓarawo ga tsandauri, amma bai gane takalminai ƙohwar masallaci."

Abu ɗaya dai kowa ya yarda da shi: Sodangi ba ya nuna mutum sai ƙasa ta riga ta nuna shi.

Da kaka ne abin ya faru. 'Yan kasuwar garin suka loda wake da gero a mota za su kai Sabon Birni. Saboda 'yan bindiga sai suka ɓoye ranar tafiya, suka kuma bar babbar hanya suka bi ta bayan Gangara. A can aka tare su. Aka harbe direba, aka kora sauran daji. Tsoho ɗaya aka saki saboda ƙafarsa ta ƙi tafiya, shi ya zo da labarin da ya fi harbin tayar da gari. Ya ce shugaban ɓarayin ya nuna musu hoton motar a wayarsa, ana cikin loda ta a gindin tsamiyar kasuwa, da safiyar ranar.

An daɗe da yanke sabis a yankin. Waya ta koma tocila da rediyo. Wuri ɗaya tak saƙo ke iya fita daga garin, gidan Alhaji Lawwali, ɗan kasuwar da ya sayo farantin tauraron ɗan'adam daga Maraɗi don 'yarsa Kadijatu ta ci gaba da karatun jinya ta kwamfuta. Wanda ya haɗa waifai ɗin gidan, wato sabis ɗin intanet, ya kulle shi da kalmar sirri, shi ne Nasiruddeen, ɗan marigayi ƙanen Alhaji, wanda ya tashi a hannunsa.

Kafin la'asar 'yan sa-kai sun tafi da Nasiruddeen.

*

A wani ajin firamare da aka daina karatu a ciki suka tsare shi. Maliki, shugabansu, yana zaune a bakin taga da bindigar toka a cinya. Ƙanensa na cikin waɗanda aka kora daji. Nan Sodangi ya same su.

"Baba Sodangi, mi kaz zo nema? Nan babu shanu."

"Mai gari ya aiko ni."

"To duba. Albarkacinai munka bari har a sauko Juma'a. In an sauko, ba ni iya riƙe yara."

Nasiruddeen na jingine da allo. Hannunsa na dama ya kumbura da duka har yatsun sun haɗe. Sodangi ya tsuguna gabansa.

"Wa ka ba kalmar nan?"

"Ba kowa, Baba."

"Ka rubuta ta wani wuri?"

"Ban rubuta ba. Doguwa ta, baƙaƙe da lambobi cuɗe, yadda ba mai iya canko ta. Ni da hannuna nih haɗa kwamfutata, da ta Kadijatu, da wayar Bappa. Ko Bappa bai san ta ba. Don irin wagga rana niy yi haka."

"Ka ji ko?" in ji Maliki. "Shi da bakinai. Ƙohwa guda, makulli guda, ga mai makulli."

Sodangi ya dubi yaron. Da ya yi sakaci ya raba kalmar ga abokai, da yanzu zargin ya watsu a kan mutum goma. Tsantseninsa ne ya ɗaure shi.

"Bappa ya zo?" Nasiruddeen ya tambaya a hankali.

Maliki ya juya fuska wajen taga.

A hanyar komawa Sodangi yana tafe yana duban ƙasa don sabo. Ga sawun jaki, ga na yara, ga na kaza. Duk abin da ya taɓa bi a rayuwarsa yana da ƙafa. Yanzu an ce ya bi abin da ke tafiya cikin iska.

*

Ya tarar da Alhaji Lawwali a zaurensa, tare da Faruk dillalin hatsi, amininsa, wanda ya kawo masa goro don jaje. Alhaji gajere ne, bayansa ya ranƙwafa tun wani haɗarin mota, ba ya rabuwa da sandarsa mai zoben ƙarfe a gindi. Zoben ya tsage a gefe ɗaya. Duk inda ya bi a garin sai ya bar ɗan da'ira mai giɓi a ƙasa, kamar jinjirin wata da ya kusa rufewa. Yanzu ma da ita yake ta caccakar daɓen zauren, bai ɗaga kai ba.

"Alhaji, ya muka ji da wanga abu?"

"Sai haƙuri, Malam Sodangi."

"Kana ganin yaron ga shi yi haka?"

Alhaji ya ci gaba da caccakar ƙasa. Faruk ya amsa a madadinsa. "Ɗan yau na, Malam. Ka goya shi ga baya, ba ka san mi shika kallo ba. Allah dai shi kyauta."

Da suka tashi zuwa masallaci, Sodangi ya yi sallama a ƙofar cikin gida. Kadijatu ta zo ta tsaya a bayan asabari. Muryarta ta dushe da kuka.

"Ɗiyata, ni ban yi boko ba. Hwaɗa mini yadda sabis ɗin ga ka aiki, kamar za ki hwaɗa ma kakarki."

Ta ce farantin da ke kan rufi shi ke janyo sabis daga sama, ya sauko da shi ta waya zuwa farin akwatin can. Ya waiga ya ga akwatin a rataye can sama a bangon zaure, da ƙahoni biyu da 'yar koriyar wuta. Ta ce shi ke watsa sabis ɗin a gida kamar hasken fitila, na kusa ya samu da ƙarfi, na nesa ya samu kaɗan.

"Mi ya sa anka aje shi zaure?"

"Mai ɗora faranti baƙo na, Baba. Ba shi shiga cikin gida. Nan yaj ja waya yat tsaya."

"Hasken nan shina tsallake katanga?"

"Shina yi. Amma in ba ka da kalmar, kamar ka ga hitilar wani ce ta taga."

"Ke kullum sai kin sa kalmar?"

"A'a. Sau ɗaya na. In na'ura ta shiga sau guda ba ta mancewa. Da ta ji ƙamshin gida sai ta shige da kanta, kamar akuya da marece."

Sodangi ya jinjina wannan. Saƙon ba shi da ƙafa, amma mai aika shi dole ya tsaya a wani wuri.

*

Washegari da hantsi ya zagaya katangar gidan a hankali, hannu a baya. A gabas, inda bangon zaure ya haɗu da wani lungu, ya tsaya. Akwai sawun mutum a tsugune, fuska ga bango, irin tsugunon mai fitsari. Ba na rana ɗaya ba ne, sabo ya hau tsoho. Yatsun ƙafar sun nutse sosai, alamar mai shi yakan daɗe. Sodangi ya tona ƙasar gaban sawun da tsinke, ya shinshina. Busasshiya ce fes. Mutumin nan ya sha tsugunawa a nan, bai taɓa zubar da ko ɗigo ba.

Takalmin roba ne, irin wanda rabin mazan garin ke sawa. Abin da kawai ya bambanta shi, ƙafar hagu na cin gefen waje, kuma akwai kan ƙusa a dunduniyar. Daga lungun sawun ya fita zuwa hanyar kasuwa, inda awaki da amalanke suka tattake shi.

Kafin ya miƙe, maganar ta riga shi zuwa kasuwa, ta kuma sauya kama. Aka ce ai a lungun nan Hajo mai nono ke sauke ƙwaryarta. Bafillatana ce, daga rugar da ta rage ita kaɗai a gefen fadama. Da ya isa gindin tsamiya ya tarar an yi mata zobe, ba mai saye, kowa na kallo.

Ya ratsa ya zauna kusa da ita. "Zuba mini na ɗari, Hajo. Kar ki sa ruwan da kika saba."

"Ruwan rijiyarku na, Baba. In da laihi, naku na." Ta yi maganar da murmushi, amma idonta na kan masu kallo.

Ya nemi ganin wayarta. 'Yar ƙarama ce mai madannai, ko hoto ba ta ɗauka, an ɗaure bayanta da kyauro. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, sannan ya mayar mata.

"Kina ganin wani cikin lungun Alhaji?"

"Nakan ga mutum tsugunne, in na zo da sahe."

"Wa na na?"

Ta dube shi kamar ya zage ta. "Baba, wa ka kallon namiji tsugunne? Kau da kai nika yi in wuce."

Haka ne. Shi ma da kau da kai zai yi. Duk garin nan an yi wa kowa tarbiyyar da za ta hana shi ganin mutumin nan.

"Ki yi zamanki ruga har ƙura ta lahwa," ya ce mata ƙasa-ƙasa.

"In zauna mu ci mi?"

Ya sha nonon bai ji ɗanɗanonsa ba. Ranar ya bi ƙofar masallaci da wurin mai shayi da tashar babura yana duban dunduniyar mutane, har wani yaro ya tambaye shi ko kuɗi ya yar. Ko da ya sami mai ƙusar, me zai ce? Tsuguno ba laifi ba ne. Ƙofar tana nan a kulle, makullin na hannun Nasiruddeen.

*

Ranar Juma'a da safe ya koma zauren. Alhaji bai fito ba, aka ce yana fama da baya. Sodangi ya zauna a tabarma shi kaɗai. Wuyansa ya gaji da sunkuyo, ya jingina kai da bango, idonsa ya sauka a kan farin akwatin.

Ya daɗe yana kallo kafin ya gane abin da yake gani. Ya tashi ya matsa. A ƙasan akwatin, kusa da wani ɗan maɓalli, akwai tabon jar ƙasa. Da'ira ce ƙarama mai giɓi a gefe. Akwai wata a kanta, da wata ta ɗan goce, kamar mai yin ta ya yi ta lalube kafin ya dace.

Ya kira Kadijatu. "Wanga maɓalli na mi na?"

Ta leƙo ta gefen asabari. Ta ce ranar da aka haɗa kwamfutarta ta ƙi karɓar kalmar, sai Yaya Nasiru ya hau kujera ya danna shi. In an danna, ƙofar na buɗewa na ɗan lokaci, duk na'urar da ke kusa ta nemi shiga sai ta shige ba tare da kalma ba. Ya ce zai kashe shi daga baya.

"Wa da wa ka nan ranar?"

"Ni da shi. Da babana, shina zaune inda kake." Sai ya ji numfashinta ya sauya. "Baba Sodangi..."

"Koma ciki, ɗiyata."

Ya fita ya ari tsintsiya a maƙwabta. Mutane suka ga Sodangi, da furfurarsa, yana share ƙofar gidan Alhaji, yana baza yashi da tafin hannu. Ba wanda ya tambaye shi.

*

Da aka sauko Juma'a mai gari ya tara su a zauren. Aka kawo Nasiruddeen da igiya a ƙafa, aka zaunar da shi a ƙasa. Aka kawo Hajo, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Maliki da yaransa suka tsaya a bango. Alhaji ya fito yana dogara sanda, Faruk na riƙe da gwiwar hannunsa. Sodangi ya so ya tsaya a waje ya karanta yashin, amma jama'a sun yi yawa, sun shigo a dunƙule, sawu ya hau sawu.

Ya faɗi abin da ya gani a lungu. Ya faɗi abin da Kadijatu ta koya masa, cewa waya ba ta mance gidan da ta taɓa shiga. Sannan ya ce, "Alhaji, ara mini sandarka."

Alhaji ya ƙanƙame ta. Mai gari ya dube shi. Sai Alhaji ya saki.

Sodangi ya dangwala gindinta a daɓe, ya nuna da'irar. Ya ɗaga ta ya kai kusa da tabon da ke jikin akwatin, bai taɓa ba. Kowa a nan ya san wannan tambarin tun yana yaro.

Faruk ya yi gyaran murya, ya ɗauki buta a gefen ƙofa. "Ku yi mini uzuri, in kama ruwa." Aka matsa masa ya wuce. Ba wanda ya bi shi da ido.

"Alhaji," in ji Sodangi, "ban ce ka aika komi ba. Na ce ka buɗe ƙohwa."

Alhaji ya ɗago kai. "Baƙo na zaune zaurenka, ya ci tuwonka, ya ce shina son jin muryar ɗiyatai da ka aure Madawa. Ka ce mishi mi? Ka ce sai yaron gida ya dawo ya ba ka izni? Cikin gidana?" Ya dubi akwatin. "Na ɗauka kamar moɗa ta. Ya sha, ya aje, ya tahi. Tun kahin a yanke gero anka yi shi. Ban san abin na bin mutum ba."

"Da anka kama yaron ga, ba ka tuna ba?" mai gari ya tambaya.

"Na tuna." Muryar ta kusa ɓacewa. "Na ce ba shi yiwuwa. Kuma na ga yadda sunka ja shi, na ji tsoro."

Maliki ya taso daga bango. "Wa ka buɗe ma?"

Sodangi ya riga ya juya ƙofa. A kan yashin, bisa duk sauran, akwai sawu ɗaya sabo mai fita. Ƙafar hagu na cin gefe, kan ƙusa a dunduniya. Butar na ajiye a gindin katanga, cike da ruwanta. Daga can bayan kasuwa aka ji tashin babur, ƙarar ta yi arewa, wajen iyaka.

"Faruk," in ji Alhaji.

Yaran Maliki suka fita a guje suna neman babura. Sodangi bai bi su ba. Ya san hanyar, ya san dajin da ke bayanta da masu jiran Faruk a ciki. Ɗazu ya ga mutumin ya ɗauki buta, ya ji wani abu ya motsa a ransa, amma ƙasa ba ta riga ta yi magana ba, shi kuma bai saba riga ta ba.

Maliki ya tsaya a tsakar zaure, bindiga a rataye, kamar wanda aka sauke wa kaya daga ka bai san inda zai sa hannu ba. "To ƙanena hwa?" ya ce. Ba kowa yake tambaya ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar ƙafar Nasiruddeen, ya fita. Hajo ta ɗauki ƙwaryarta ta bi ta ɗaya hanyar.

Nasiruddeen ya miƙe da ƙyar. Bai dubi kowa ba. Ya jawo kujera da hannun hagu, ya hau, ya zare wayar wutar akwatin. Koriyar wutar ta mutu. Ya sauko ya nufi ƙofar waje.

"Nasiru," in ji Alhaji.

Ya tsaya, bai juyo ba.

Alhaji ya nemi tashi, ya lalubi sandarsa, ya tuna tana hannun Sodangi. Sodangi ya miƙa masa, Alhaji ya girgiza kai. Ya dafa bango ya taka a ranƙwafe har ya isa bayan yaron. A garin nan uba ba ya ba ɗa haƙuri da baki. Yakan aika masa da nama, ko ya kira shi ya ba shi aike kamar ba abin da ya faru. Mai gari ya sunkuyar da kai. Bayan asabari an daina motsi.

"Ubanka ya bar mini kai amana," in ji Alhaji, da ƙarfin da na waje ma suka ji. "Ka kulle gidana, ni na buɗe. Anka ja ka gabana, na yi kurum. Na cuce ka, Nasiru. Ka yahe mini."